RA'AYI: Faifan Yanka, Araharsa A Kasuwa Da Tsadarsa A Asibitin Ido

Duk wanda ya ratsa Sabon Tasha ta titin Kachia da hantsi ya san ƙarar nan mai shiga har cikin haƙori, wadda ke tashi daga rumfunan masu walda a bakin hanya, tartsatsin wuta na feshi a kan ƙasa. Tun bayan rikicin shekarar 2000, da jama'a suka yi ta ƙaura zuwa kudancin kogin Kaduna, gine-gine ba su tsaya ba a wannan yanki na Ƙaramar Hukumar Chikun, kuma kowane sabon gida yana neman ƙyauren ƙarfe da tagogi masu kariyar ɓarayi da hasumiyar tankin ruwa. Duk waɗannan sai an yanka ƙarfe. Abin da ke yankan kuwa wani siririn faifai ne, wanda wasu ke kira dutsen yanka, da sau da yawa kuɗinsa bai kai na abincin rana ba. Shi ne mafi araha a cikin kayan aikin shago, shi ne kuma mafi saurin raba mutum da idonsa.

Idan faifai ya tarwatse a fuskar yaron shago, abin da aka saba ji daga bakin maigida da maƙwabta shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Maganar tana sanyaya zuciya, amma tana rufe wata gaskiya da ya kamata a fito da ita fili: galibin irin wannan haɗari ana ƙulla shi ne tun kafin a kunna inji, a lokacin da aka zaɓi faifan a kasuwa da lokacin da aka ɗaura shi. Wanda ya yi zaɓin kuma ba kasafai yake zama wanda ya sunkuya a kan ƙarfen ba.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da faifan ya ƙunsa. Ba shi da haƙora irin na zarto. Ƙananan ƙwayoyi ne masu tauri kamar tsakuwa, aka cuɗa su da wani irin danƙo, aka shimfiɗa ragar zaren gilashi a ciki don ta riƙe su, sannan aka gasa. Yana cin ƙarfe ne ta hanyar gurza, shi ma yana cinyewa, shi ya sa yake ƙanƙancewa yayin aiki. Ƙarfinsa duk yana bakinsa. Da zarar an danna shi ta gefe, ko aka murɗa shi a cikin tsagar da yake yankawa, sai ragar ta fara karyewa, kuma abin da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya ba ya karyewa ya faɗi ƙasa kamar faranti.

Ƙa'idar da akasarin masana'antun kirki ke bi, wadda Turai ta tsara da lamba EN 12413, ta ƙayyade wa irin wannan faifai na injin hannu gudun da bakinsa bai kamata ya wuce ba, wato mita 80 a daƙiƙa ɗaya. Idan aka mayar da shi lissafin direbobi, kilomita 288 ke nan a awa. Daga nan ne aka fitar da lambobin da ake bugawa a fuskar kowane faifai. Mai faɗin milimita 115 iyakarsa juyi 13,300 a minti, mai 125 iyakarsa kusan 12,250, mai 180 kusan 8,500, babban nan mai milimita 230 kuwa ba a yarda ya haura kusan 6,650 ba. Gwargwadon faɗin faifai, gwargwadon yadda dole a rage masa gudu.

A nan tarkon yake. Ramin da ke tsakiyar faifan, inda ake zura shi a inji, girmansa ɗaya ne a ƙarami da babba, milimita 22 da ɗan ɗoriya. Saboda haka babban faifai yana zama daram a kan ƙaramin injin da ke juyi 11,000 a minti. Abu ɗaya ne kawai ke hana shi shiga, murfin kariyar da ke rufe rabin faifan ta ɓangaren mai aiki. Sai a kwance murfin a jefa shi ƙarƙashin benci. A wannan gudu, bakin faifai mai milimita 230 yana tafiyar da ta haura kilomita 470 a awa, kuma ƙarfin da ke ƙoƙarin yaga shi ya kusa ninka wanda aka ƙera shi ya ɗauka sau uku, domin wannan ƙarfi yana hauhawa fiye da yadda gudun ke hauhawa. An ɗora wa faifan abin da ya fi ƙarfinsa, an kuma cire garkuwar da za ta tare ɓaraguzansa, duk a aiki ɗaya. Wanda ya zaga rumfunan walda daga Sabon Tasha har Kafanchan ya ƙirga injunan da murfinsu ke jikinsu, ba zai gaji da ƙirga ba.

Masu gidan suna da hujjarsu, kuma bai dace a yi watsi da ita ba a ji ba. Sukan ce murfin yana hana inji shiga lungu, yana rage zurfin yanka, sannan babban faifan da ya cinye rabi kuɗi ne, jefar da shi asara ce alhali ƙaramin inji zai iya ƙarasa shi. Maganar lungu tana da amsa, domin murfin ana juya shi ne zuwa kusurwar da ake so, an yi shi da maɗauri saboda haka. Maganar zurfi kuwa tana nuna cewa aikin na babban inji ne, a aro ko a yi haya. Ragowar faifai ita ce ta fi jan hankali, domin wanda ya sauko daga milimita 230 zuwa 160 a ido ya zama ƙarami, amma lambar da aka buga masa tana nan yadda take, kuma ya riga ya sha zafi da jijjiga. Ribar da ake ci a kansa ba ta kai kuɗin motar zuwa asibiti ba.

Akwai ƙanen wannan inji da ya fara yawaita a hannun wasu masu sana'a da ba sa ɗaukar kansu masu aikin haɗari. Ɗan ƙaramin inji ne mai kamar kaurin tocila, ana riƙe shi kamar alƙalami. Masu gyaran waya da maƙeran zobe da sarƙa da masu zane a jikin kwalaye da allunan suna da masu gyaran wutar mota da ɗaliban da ke haɗa aikin kammala karatu duk suna amfani da shi. Sunan da ya fi shahara a kansa shi ne Dremel, kamfanin da Albert Dremel ya kafa a garin Racine na Amurka a 1932, wanda Bosch ya saye a 1993, ko da yake mafi yawan waɗanda ke shigowa kasuwanninmu kwaikwayo ne da ke zuwa cikin akwati cike da tarkacen kawuna. Ƙanƙantarsa ce ke yaudarar mutane. Injin yana iya kaiwa juyi 35,000 a minti, kuma a wannan gudu bakin faifai mai milimita 38 yana tafiyar kusan kilomita 250 a awa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido, kuma a nan karin maganar ta sauko daga misali ta zama zahiri.

Ta wata fuskar ma ƙaramin ya fi babban sharri. Galibi ba ya zuwa da murfin kariya ko kaɗan. Aikin da ake yi da shi mai laushi ne, don haka mai aiki yakan kawo fuskarsa dab da abin da yake yankawa, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Faifansa iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne abin da mai saye ya fi buƙatar sani. Akwai sirara masu launin ƙasa-ƙasa, faɗinsu kusan milimita 24, kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, babu raga a cikinsu. Suna yanka tsaf, sun dace da tsaga kan noti da ya lalace ko datse siririyar waya, amma ko da yatsu biyu ana iya ɓalle su, kuma ɗan karkata hannu ya isa ya farfasa su. Akwai kuma masu ragar zaren gilashi, waɗanda ake ganin saƙar a jikinsu, masu faɗin milimita 32 ko 38. Su ne na ƙusa da ƙaramin rodi da duk wani ƙarfe mai ɗan kauri. Wanda zai sayi iri ɗaya tak, masu raga ya kamata ya saya.

Sandar da ake ɗaura faifan a kanta ma tana da nata sharaɗi. Idan ta ɗan lanƙwashe, ko aka bar ta ta fito da tsawo daga bakin inji, sai ta riƙa kaɗawa, kuma kaɗawa a irin wannan gudu ita ce ke fasa faifai ko ta karya sandar kanta. A tura ta ciki sosai. Ɗan sukurun da ke riƙe faifan a ɗaure shi daidai, domin matsewar da ta wuce kima tana tsaga shi tun daga tsakiya ba tare da ido ya gani ba. Roba da filastik suna son gudu kaɗan, in ba haka ba sai su narke su kama faifan. Su kuwa ƙananan zartunan ƙarfe masu haƙora da ke zuwa kyauta a cikin akwatunan nan, waɗanda babu wata lamba a jikinsu, mafi alheri a bar su inda suke, domin haƙori ɗaya ya kama abu, injin ya yi tsalle, kuma yatsun hannun hagu ne mafi kusa.

Komawa ga zaɓi a kasuwa, fuskar faifan kirki takan faɗi kusan duk abin da ake buƙata, ko ga wanda karatunsa bai yi nisa ba. Lambar juyi ita ce ta farko, kuma dole ta kai ko ta fi wadda ke rubuce a jikin inji. Harafin A a farkon lambobinsa yana nufin na ƙarfe ne, C na dutse da siminti, kalmar INOX kuwa ta ƙarfen nan mara tsatsa da ake yin hannun bene da shi. Haruffan BF suna nuna akwai raga a ciki. Tayil da dutsen ado suna da nasu faifan na ƙarfe mai ƙurar lu'ulu'u a baki. Kauri ma magana ce: na yanka yakan kama daga milimita 1 zuwa 3, na gurza kuwa kusan 6. Al'adar gama yanka sannan a kwantar da siririn faifan a goge bakin ƙarfe da gefensa, don ƙyashin sauya faifai, tana cikin manyan abubuwan da ke tarwatsa shi.

Abin da mutane da yawa ba su taɓa lura da shi ba shi ne faifai yana da wa'adi kamar magani. A jikin zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa ana buga wata da shekara, yawanci shekara uku daga lokacin da aka ƙera shi, domin danƙon da ke riƙe da shi yana tsufa, laima kuma tana gaggauta tsufan. Wannan ya shafi kudancin Kaduna fiye da wurare da yawa a Arewa. Damina a nan tana da tsawo da nauyi, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma faifan da aka rataye a ƙusa a rumfar kwano mai yoyo, ko aka bari a cikin buhun kayan aiki a kan danshin ƙasa, ya sha ruwa ya bushe sau da dama kafin ranar da za a ɗaura shi. Mai sayarwa ya buɗe kwali yana sayar da ɗai-ɗai a rana da ƙura, mai saye bai tambaya ba, shi ma bai duba ba. Duba zoben nan ba ya cin daƙiƙa biyar. Faifan da babu kwanan wata a jikinsa, ko sunan maƙerinsa, ko lambar juyi, ya riga ya faɗi matsayinsa.

Sai kuma wani haɗari da littattafan koyarwa na ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba, amma a nan yake kamar ruwan dare. Injuna da yawa maɓallinsu yana maƙalewa a kunne. Ana cikin yanka aka ɗauke wuta, ko janareta ya mutu, yaro ya ajiye injin a ƙasa ya tafi shan ruwa, bai kashe ba. Da wuta ta dawo, injin ya tashi shi kaɗai yana birgima a tsakanin ƙafafun mutanen da ke sanye da silifas. Akwai injunan zamani da ba sa tashi sai an sake kunna su da hannu, kuma duk maigidan da zai sayi sabo ya cancanci ya nemi irinsu. Kafin nan, dokar shago ta zama an ɗauke wuta a kashe inji a zare waya. Haka nan a zare waya kafin a sauya faifai, kuma sabon faifai a bar shi ya yi juyin banza na kamar minti ɗaya, an kawar da shi daga fuskar kowa, kafin ya taɓa ƙarfe.

Sauran ladubban aikin sanannu ne ga duk ƙwararre, ko da ba ya bin su. A daɗe abin da za a yanka da mamatsi maimakon take shi da ƙafa. A tallafe shi yadda tsagar za ta riƙa buɗewa, domin in ta rufe ta cije faifan, injin yakan yi baya da ƙarfin da hannu ɗaya ba ya iya tarewa. Kada a kunna inji alhali faifan yana cikin tsaga. Kada a danna, nauyin injin ya isa. Mai aiki ya tsaya a gefe, ya kauce wa layin da faifan ke juyawa. Ganga ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko wani mai, ko ya shekara a bushe, tururin da ya rage a ciki ya isa ya tashi da rumfa, kuma a garin da ke maƙwabtaka da matatar mai irin waɗannan ganguna ba su da wuyar samu. Kafintocin da ke ɗaura wa injin yankan ƙarfe zarton katako mai haƙora su ma suna wasa da yatsunsu. A 2021 hukumar kula da lafiyar kayayyaki ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi na musamman a kan faifai mai sarƙar zarto da ake ɗaura wa irin wannan inji, ta ce a daina amfani da shi.

Batun tabarau yana da ɗan ban dariya mai ɗaci. Mai walda yakan mallaki baƙin gilashi saboda hasken walda. Idan ya zo yanka, baƙin gilashin ba ya bari ya ga layin da ya zana, sai ya ɗaga shi kan goshi, ya yi aikin da ido tsirara a daidai lokacin da ƙarfe ke tashi. Abin da ake buƙata farin tabarau ne mai kariya ta gefe, wanda aka yi don ɗaukar duka, mai alamar EN 166 ko Z87 a jikinsa, in da hali a ƙara da garkuwar fuska. Gilashin kwalliya na bakin titi in ya fashe shi ma ya zama harsashi. Masu yankan tayil da bulo kuma suna shaƙar ƙurar da ke taruwa a huhu ta daskarar da shi a hankali, cutar da ba ta warkewa, don haka yanka da ruwa da rufe hanci da abin kirki wajibi ne a gare su.

In kuwa abin ya riga ya faru, sa'o'in farko su ne ke yanke hukunci. Ɗan ƙarfen da ya maƙale a baƙin ido yakan fara tsatsa cikin sa'o'i kaɗan, ya bar tabo. Wanda ya huda ya shige ciki yana iya yin shiru, ciwon ya lafa, ƙarfen ya ci gaba da lalata ido a hankali har gani ya tafi. Kada a murza. Kada a sa tsinken ashana ko gefen takardar kuɗi ko maganaɗisu ko harshe, kada a ɗiga ruwan sukari ko nonon mace ko wani haɗi na gargajiya. Abin da ya cake a bar shi yadda yake, a kifa ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon ba tare da dannawa ba, a nufi asibiti. Mutanen Sabon Tasha suna da sa'ar da da yawa ba su da ita, domin Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa tana cikin garin Kaduna. Yaron da ya ji rauni a Kafanchan ko Zonkwa kuwa, in aikin ya fi ƙarfin asibitin kusa, tafiyar sa'o'i ce a gabansa, da hannu a kan ido.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai wurin aiki samar da kariyar ido ga masu gurza ƙarfe da masu walda, kuma jami'an duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne aka ɗora wa aiwatar da ita. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta sanya ɗan koyon sana'a da ma'aikacin wucin gadi cikin waɗanda ta kira ma'aikata, ta kuma nemi mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Sai dai tsakanin takardar doka da rumfar bakin titi akwai nisa, kuma yaron da iyayensa suka damƙa wa maigida amana ba shi da bakin cewa ba zai taɓa injin da ba shi da murfi ba. In ya rasa ido, abin da ya saba biyo baya shi ne kuɗin magani na 'yan makonni da ban haƙuri, daga nan ya koma gida.

Hukumar SON, wadda tun 2005 take da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, ita ce ke da ikon tsayawa a ƙofa. Faifan yanka bai kai siminti ko wayar lantarki ko tayar mota jan hankalin jama'a ba, amma gane mara kyau a cikinsa bai buƙatar ɗakin gwaji a matakin farko. Jami'in da ya shiga shagunan kayan gini ya ɗauki faifai ya nemi lambar juyi da kwanan wata da sunan maƙeri zai iya raba kasuwar gida biyu kafin azahar. Manyan maƙeran duniya ma sun kafa ƙungiyarsu a shekarar 2000, mai alamar oSa da ake bugawa a kan faifan da ya bi ƙa'ida, kuma dillalan da ke kawo kaya za su iya neman ta tun daga inda suke saro.

Amma wanda ya fi kowa kusa da matsalar shi ne maigidan shago da ƙungiyarsa. Ƙungiyoyin masu walda da na masu gyaran waya suna da taro, suna karɓar kuɗin wata, suna cin tarar wanda ya makara ko ya ƙwace wa ɗan'uwansa aiki. Ƙungiyar da ke iya wannan tana iya cin tarar shagon da aka samu inji babu murfi. Tana iya sayen faifai kwali-kwali daga dillali ɗaya amintacce ta raba wa mambobinta, farashin ya sauko, a kuma san wanda za a kama in kaya ya fito jabu. Tana iya gindaya cewa ranar da aka kawo yaro koyon aiki, farin tabarau na cikin abin da maigida zai miƙa masa kafin ya nuna masa maɓallin inji. A Kaduna ne hedikwatar Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa take, a nan ne kuma kasuwar Panteka take da dubban masu ƙira da yaransu, don haka masu iya koyar da karatun fuskar faifai cikin Hausa, a zaman awa ɗaya a ƙarƙashin rumfa, ba sai an ɗauko su daga wata jiha ba. Masu ba da aikin ƙyaure da taga su ma suna da ta cewa, tunda a farfajiyar gidajensu ake yin rabin yankan, yaransu na tsaye suna kallon tartsatsi.